Kafin ka hau keke: miƙa ta riƙewa, miƙa mai motsi, ko taka feda a hankali?

Masu hawan keke sun kasu gida uku a kan abin da ake yi a mintocin farko. Akwai wanda zai jingine kekensa, ya kamo ƙafa ta baya, ya manna dunduniya da mazaunai, ya riƙe har ya ƙirga talatin ko sittin, sannan ya sauya ƙafa. Akwai wanda zai dafa sirdi yana lilo da ƙafa gaba da baya, yana tsugunawa yana tashi, yana juya kafaɗu, bai tsaya cak ba ko sau ɗaya. Na ukun kuwa ba ruwansa da duk wannan. Hayewa yake yi abinsa, ya sa giya mai sauƙi, ya bar ƙafafu su yi ta juyawa har jiki ya sake. Kowannensu zai ce maka ɗumama jiki yake yi, alhali abin da suke yi wa jikin ya sha bamban, kuma ba kowace tafiya ce take buƙatar abu guda ba.

Sai mun san abin da ake nema kafin mu ce wannan ya fi wancan. Idan mutum yana zaune yana hutawa, zafin tsokar cinyarsa yana wajen digiri 35 ne a ma'aunin Salshiyas, wato ƙasa da zafin cikin jiki. Aikin minti 10 zuwa 20 mai matsakaicin ƙarfi yana iya ɗaga shi zuwa 38 ko 39. Tsokar da ta yi ɗumi ta fi saurin ɗaurewa da sakewa, saƙon jijiya ya fi saurin isa gare ta, jini ma ya fi sakar mata iskar oksijin. Masu binciken motsa jiki sun auna cewa a aikin ƙarfi na gajeren lokaci, kowane digiri ɗaya da tsoka ta ƙara yana iya ƙara ƙarfinta da kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Ga kuma zuciya, wadda ita ce aka fi mantawa da ita a wannan zance. A 1973, R. J. Barnard da abokan aikinsa a Amurka sun sa maza 44 masu ƙoshin lafiya yin gudu mai tsanani na 'yan daƙiƙu ba tare da sun ɗumama jiki ba. Kusan bakwai cikin kowane goma, na'urar da ke zana bugun zuciya ta nuna sauyin da bai dace ba a zuciyarsu. Da aka sa su sassarfa ta minti biyu kacal kafin gudun, sauyin ya ɓace ko ya ragu sosai. Saboda haka abin da ake nema uku ne: tsoka ta yi ɗumi, zuciya da numfashi su tashi a hankali, gaɓoɓi su buɗe gwargwadon abin da tafiyar za ta nema. Da waɗannan za mu auna hanyoyin nan.

Miƙa ta riƙewa ita ce wadda kowa ya fara sani, ita aka koya wa yawancinmu tun a makaranta. Ka ja tsoka har ka ji ta miƙe, ka tsaya a nan. Alherinta a bayyane yake: idan ana yin ta a kai a kai, tana ƙara wa gaɓa faɗin motsi, kuma tana da daɗi, tana kwantar da hankali. Amma a ma'auni na farko da na biyu ba ta taɓuka komai. Wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da ɗayar, tsokarsa ba ta aiki, zuciyarsa ba ta tashi ba. In ma da sanyi a waje, ƙara hucewa yake yi.

Bayan haka akwai batun raguwar ƙarfi. A 2016, David Behm da wasu masana uku sun tattara bincike masu yawa da aka yi kan miƙa kafin wasa. Abin da suka samu shi ne, riƙe tsoka ɗaya na daƙiƙa 60 ko fiye yana rage ƙwazo da wajen kashi 4.6 cikin 100 jim kaɗan bayan miƙar. Riƙon da bai kai daƙiƙa 60 ba kuwa, ragin kusan kashi 1 ne kawai. Miƙa mai motsi ita kuma ƙari ta kawo, wajen kashi 1.3. Dalilin ragin galibi daga jijiya yake: bayan dogon ja, umarnin da ke zuwa wa tsoka yakan ɗan yi rauni na wani lokaci, tsokar kuma takan ɗan yi laushi. Ina ganin ya kamata a ɗauki waɗannan alƙaluma yadda suke, kada a zuzuta su. Wasu sun ji labarin sai suka mai da miƙa ta riƙewa kamar guba. Kashi 4 ko 5 babban abu ne ga ɗan tseren da rabin taya ke raba shi da abokin karawarsa. Ga mai tafiyar awa biyu don lafiyar jiki, ba zai ma san an yi ba, musamman da yake ragin yana dusashewa idan aka bi miƙar da motsi. Laifinta na gaskiya shi ne cin lokaci. Minti goman da ka ba ta, da ka ba wa abin da zai ɗumama ka, da ka fi cin riba.

To, ai tana hana rauni, ko? Nan ne mutane suka fi kafewa, kuma nan ne hujjar ta fi rauni. A shekarar 2000 an wallafa gwajin da Rodney Pope da abokansa suka yi da sababbin sojoji 1,538 a Ostireliya cikin horon mako 12. An raba su rukuni biyu, duka suna ɗumama jiki, amma rukuni ɗaya yana ƙarawa da miƙa ta riƙewa, daƙiƙa 20 ga kowace babbar tsokar ƙafa. Bambancin raunin da aka samu tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Tsamin jiki na washegari ma haka: bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya, ta yi a 2011 ta nuna cewa miƙa, kafin motsa jiki ko bayansa, ba ta rage shi yadda mutum zai ji a jikinsa. Inda ake ganin tana iya ɗan taimakawa shi ne wasannin da ake fizgar gudu, inda tsoka kan yage lokacin da take miƙewa da ƙarfi, kamar ƙwallon ƙafa. Keke ba haka yake aiki ba. Ƙafa tana danna feda ne cikin da'ira ɗaya da ba ta sauyawa, ba dira, ba fizga, shi ya sa yagewar tsoka ba ta cikin manyan matsalolin mahaya keke.

Miƙa mai motsi ita ce kai gaɓa iyakar inda take zuwa cikin sauƙi, a dawo da ita, a sake kai ta, ba tare da tsayawa ba. Tsokar ce da kanta take yin aikin, babu hannun da ke jan ta. Shi ya sa take samar da ɗumi, take ɗan tayar da bugun zuciya, take kuma buɗe gaɓa a lokaci guda. Ɗauki lilon ƙafa misali. Ka tsaya gefen keke, hannu ɗaya a kan sirdi, ɗayan a ƙugu. Ƙafar da ke waje ita za ta yi lilo. Na farko da na biyu ƙanana ne, kamar mai ture tsakuwa da yatsun ƙafa. Daga nan kowane lilo ya ɗan fi na baya nisa, har wajen na goma ka ji bayan cinya yana jan kansa idan ƙafar ta yi gaba, gaban kwatangwalo kuma yana buɗewa idan ta yi baya. Gangar jiki tana tsaye kyam. Da zarar ka ga ƙugunka ya fara lanƙwashewa don ƙafar ta ƙara nisa, ka wuce gona da iri, sai ka rage. Sau 10 zuwa 15 ya isa, ka juya ka yi wa ɗayar. Sannan ka fuskanci keken, ka dafa da hannu biyu, ka yi lilon gefe da gefe, ƙafar tana gilmawa ta gaban 'yar uwarta.

Bayan lilo, wanda na fi ba muhimmanci shi ne dogon taku da durƙuso: ka jefa ƙafa ɗaya gaba, ka sauke gwiwar baya har ta kusa taɓa ƙasa, ka ɗaga hannun ɓangaren ƙafar bayan sama, ka tashi, ka sauya. Wannan yana buɗe tsokar gaban kwatangwalo, wadda zaman kujera da zaman sirdi duka suke barin ta a takure, yana kuma tayar da tsokar mazaunai, wadda babban kaso na ƙarfin danna feda yake fitowa daga gare ta. Ka ƙara da tsuguno da tashi sau goma, ɗage dunduniya sau goma sha biyar don sha-raɓa da agara, juya kafaɗu gaba da baya, murɗa gangar jiki hagu da dama a hankali, da waiwaye na wuya. Duka ba za su wuce minti biyar ba. Wani ɗan abu da ake mantawa: takalman da ke maƙalewa a feda suna da santsi a kan siminti ko kwalta. Ka yi durƙuson kafin ka sa su, ko kuwa ka riƙe wani abu da kyau.

Kada a haɗa wannan da wurgi da ƙafa da ƙarfin tsiya, ko dannawa ana sakewa da sauri a ƙarshen miƙa don a tilasta wa gaɓa ta ƙara nisa. Wannan wani abu ne daban, kuma a kan tsoka mai sanyi ba shi da wani amfani ga mai keke. A miƙa mai motsi kai ne kake riƙe da linzamin kowane motsi, daga farkonsa har ƙarshensa.

Ita ma tana da iyakarta, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Ƙarin ƙwazon da aka auna mata kaɗan ne, kuma yawancin gwaje-gwajen a kan tsalle da gajeren gudu aka yi su. Minti biyar na lilo da tsuguno ba za su kai tsokar cinya zafin da minti goma sha biyar na taka feda zai kai ta ba. Wanda ya gama lilonsa ya haye keke ya fizga da dukkan ƙarfinsa, yana ganin ai ya ɗumama, bai gama shiri ba.

Wannan ya kawo mu ga hanya ta uku, wadda ni dai a wurina ita ce ginshiƙi. Babu abin da ke shirya jiki don taka feda kamar taka feda. Tsokokin da za su yi aikin su ne suke ɗumama, a daidai kusurwar da za su yi shi, zuciya kuma tana hawa mataki-mataki. Dubi ƙwararru a Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, ranar tseren da kowa ke fita shi kaɗai ana auna masa lokaci. Za ka gan su jere a gefen motar ƙungiya, kowa a kan keken da aka kafe wuri ɗaya, fanka tana kaɗa masa iska, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, wani ma da rigar ƙanƙara a ƙirji idan ana zafi. Ba a ƙasa suke ɓata mafi yawan lokacinsu ba. Hukumar tseren keke ta Birtaniya tana da sanannen tsari na minti 20: minti 5 na juyawa mai sauƙi, minti 8 ana ƙara ƙarfi sannu a hankali har a kai ga haki sosai, minti 2 na sassautawa, minti 2 da ake saka gajerun fizga uku na daƙiƙa 6 a ciki, sannan minti 3 na sassautawa. Ba dole ne mai hawa don nishaɗi ya bi wannan tiryan-tiryan ba, amma siffarsa abin koyi ce: a fara ƙasa, a hau a hankali, a ɗan taɓa ƙarfin da za a yi aiki da shi, a huce kaɗan.

Abin da taka feda ba ta iya yi shi ne abin da keken kansa ya hana. A kan sirdin da aka daidaita, gwiwa ba ta taɓa miƙewa gaba ɗaya, kwatangwalo ba ya taɓa buɗewa sosai, baya yana sunkuye, wuya yana ɗage, hannaye suna kafe a kan keke. Mai juya feda sau 90 a minti yana maimaita wannan ƙuntataccen motsi sau 5,400 a awa ɗaya. Idan ka taso daga zaman ofis na yini guda, ko daga barci, ka hau keke kai tsaye, to ka fita daga takura ɗaya ne ka shiga wata. Cinyoyi za su yi ɗumi, amma ƙugu da kafaɗu da wuya suna nan yadda ka kawo su. Wannan giɓin ne miƙa mai motsi take cikewa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin ta cancanci mintocinta biyar. Akwai kuma ranakun da farawa a hankali ba ta samuwa: tudu yana jiranka daga ƙofar fita, ko cunkoson motoci zai sa ka yi ta tsayawa kana fizga, ko abokan tafiya masu tashi da wuta tun daga farko. A irin wannan rana, abin da ka yi a ƙasa shi ne kaɗai shirin da jikinka zai samu, don haka sai ka tsawaita shi, ka ƙara da sassarfa a wuri ɗaya har numfashi ya ɗan tashi.

Yanzu sai zaɓi, kuma tafiyar ce take yanke hukunci. Mai zuwa aiki ko kasuwa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, tafiyar minti ashirin ko talatin ba gaggawa, ba ya buƙatar komai a ƙasa. Ya sa giya mai sauƙi na minti biyar zuwa goma na farko, shi ke nan. Mai doguwar tafiya ta awanni ma kusan haka ne, tunda yana da lokaci a gabansa: minti 15 zuwa 20 na farko su zama masu sauƙi har zai iya hira ba haki, in kuma da sassafe ne ko daga zama ya taso, ya fara da miƙa mai motsi.

Wanda ya fi buƙatar haɗa miƙa mai motsi da taka feda shi ne mai aikin ƙarfi tun daga daƙiƙar farko: gajeren tsere, tseren auna lokaci, horon fizga da hutawa. Ƙa'idar ita ce, iya gajartar tsere da tsananinsa, iya muhimmancin ɗumama jiki. Sai dai a nan ma akwai tarko. A 2011, Elias Tomaras da Brian MacIntosh na Jami'ar Calgary a Kanada sun gwada ƙwararrun masu tseren keke na cikin fili da tsari biyu: na gargajiya mai kusan minti 50 da tsanani, da wani gajere mai sauƙi na wajen minti 15. Gajeren ne ya ba da ƙololuwar ƙarfi mafi girma, da kusan kashi 6 cikin 100, domin dogon ya riga ya gajiyar da tsokar. Tarko na biyu shi ne jira. Tsoka tana fara hucewa da zarar an tsaya, kuma cikin minti 15 zuwa 20 na zama an yi asarar kaso mai yawa na ɗumin. Wannan ne ya sa 'yan tseren Birtaniya suka sa wanduna masu ɗumama cinya da batir a gasar Olamfik ta Landan a 2012, tsakanin gama shiri da fara tsere. Kai da ba ka da irin wannan wando, ka gama shirinka minti biyar zuwa goma kafin a tashi, ka rufe ƙafafunka, in jiran ya yi tsawo ka ci gaba da lilo da tsuguno. Wannan wani wuri ne da miƙa mai motsi ta yi zarra, domin ana iya yin ta a layin farawa inda babu damar taka feda.

Mai hawan duwatsu da hanyoyi masu gargada shi ma kada ya tsallake ta. Shi yana tashi daga sirdi, yana jefa nauyinsa baya da gefe, hannaye da kafaɗu suna shan girgiza, wani lokaci ya sauke ƙafa ba shiri. Jikinsa duka ne yake aiki, don haka duka ne yake son a tashe shi, har da wuyan hannu.

Yanayi da shekaru suna sauya lissafin. Cikin sanyi, ka yi miƙarka a cikin ɗaki kafin ka fita, ka kuma tsawaita farawar a hankali. Cikin tsananin zafi, ka gajarta komai, domin ɗumin tsoka ake so, ba a so zafin cikin jiki ya hau tun ba a fara ba. Wanda shekaru suka fara ja, ko mai gaɓoɓin da ke yin tauri, zai ga jikinsa yana neman lokaci fiye da na da, kuma ba shi lokacin ya fi yi masa gardama. Mai fita da asuba kuma ya kula da bayansa: faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna cika da ruwa cikin dare, shi ya sa sunkuyawa mai zurfi don taɓo yatsun ƙafa a awar farko bayan tashi daga barci take ɗora musu nauyi fiye da kowane lokaci. Lilon ƙafa da dogon taku sun fi dacewa da wannan lokacin.

Miƙa ta riƙewa fa, a yar da ita? A'a, a sauya mata lokaci. Idan akwai wata tsoka guda da ka san tana ɗaure maka har tana hana ka zama daidai a sirdi, ka riƙe ta daƙiƙa 15 zuwa 30 bayan ka ɗan motsa, sannan ka hau ka ci gaba da ɗumamawa, ba abin da zai ragu da za ka lura da shi. Amma ainihin wurinta bayan an sauka ne, lokacin da jiki ke da ɗumi, ko da yamma a wani zama na daban. Kwalejin likitancin wasanni ta Amurka tana ba da shawarar a yi ta aƙalla kwana biyu zuwa uku a mako, riƙon daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har kowace tsoka ta samu jimillar daƙiƙa 60, tsofaffi kuma su riƙe 30 zuwa 60. Ga mai keke, gaban kwatangwalo, bayan cinya, mazaunai da ƙirji su ne kan gaba. Mai son sunkuyawa ƙasa sosai don ya yanki iska, wannan aikin na makonni da watanni ne zai ba shi damar, ba riƙon minti ɗaya a bakin hanya ba.

Akwai abin da babu ɗaya cikin ukun da zai gyara, kuma ina jin takaicin yadda mutane ke shafe watanni suna miƙa suna jiran sauƙi. Ciwukan mahaya keke galibi na maimaici ne. Binciken da Benjamin Clarsen ya jagoranta a 2010 kan ƙwararru 109 ya gano kashi 58 cikin 100 sun yi fama da ciwon ƙugu a shekarar da ta gabata, kashi 36 kuma da ciwon gaban gwiwa, kuma waɗannan mutane ne da ba sa wasa da ɗumama jiki. Irin wannan ciwo yakan samo asali ne daga sirdin da ya yi ƙasa ko ya yi sama, kan keke da ya yi nisa, giya mai nauyi da ake dannawa a hankali, ko ƙara nisan tafiya farat ɗaya. A sirdin da tsayinsa ya yi daidai, idan feda tana can ƙasa, gwiwa ta kasance a ɗan lanƙwashe da kusan digiri 25 zuwa 35. Taurin da ke sakewa cikin minti goma na farko, ɗumama jiki ne maganinsa. Ciwon da ke tsayawa wuri ɗaya, yana ƙaruwa yayin da tafiya ke nisa, ko yana dawowa duk fita, wannan a fara duba tsayin sirdi da nisan kan keke, in bai bari ba a je wurin likita ko ƙwararren mai gashin ƙashi na asibiti. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya yanke fiye da aikin da ake yi kuwa, ko a minti na nawa suka zo, a sauka daga keken a nemi likita a ranar.